Cuta Ta Wuce, Tabo Ya Zauna: Yadda Cututtukan Yau da Kullum ke Taɓa Haihuwa da Girman Yara

Idan aure ya shekara uku babu ko ɓatan wata, kowa a dangi yana da bayani. Wata ta ce jinnul ashiƙ ne, wata ta ce hannun kishiya, wani ya ce ai maganin tazarar haihuwa take sha a ɓoye. Idan kuma yaro ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba, sai a ce daƙiƙi ne, ko ya gado dangin uwarsa. Abin da ba kasafai ake kawowa a rai ba shi ne wani ɗan ciwon mara da aka yi shekara biyar baya, aka sha fanadol ya lafa, ko zazzaɓin da ya sa yaron jijjiga yana goye, aka kwana uku a asibiti aka sallame shi, kowa ya ce alhamdu lillahi ya warke.

Ya warke ɗin kuwa, domin ƙwayar cutar ta bar jikinsa. Sai dai faɗan da jiki ya yi da ita ya bar ɓarna a inda ido ba ya gani, kuma ɓarnar ba ta bayyana sai ranar da aka nemi wannan sashe na jiki ya yi aikinsa, ranar da aka nemi ciki ko ranar da aka sa yaro a gaban allo. Shekarun da ke shiga tsakani su suke ɓatar da sawu. Shi ya sa ake barin jaki ana dukan taiki, taikin kuwa galibi mace ce ko ƙaramin yaro.

A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida na manya yakan fuskanci matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma adadin bai bambanta sosai tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta ba. Bambancin yana wajen dalili. Wani bincike da hukumar ta yi a ƙasashe 25, wanda aka wallafa a 1985, ya gano cewa kusan rabin matan Afirka da suka je asibiti neman haihuwa bututunsu duka biyu a toshe suke, alhali a ƙasashen da suka ci gaba kimanin mace ɗaya ce cikin goma. Toshewar bututu kuwa, a mafi yawan lokuta, aikin ƙwayar cuta ce.

Hanyar da ƙwai ke bi

Mace tana da ma'ajiyar ƙwai biyu, dama da hagu, kuma kowane wata ɗaya daga ciki tana sakin ƙwai. Ba a cikin mahaifa ƙwan yake haɗuwa da maniyyi ba. Akwai bututu biyu, kowanne tsawonsa kamar santimita 10, a wani wurin faɗin ramin cikinsa bai fi milimita 1 ba, a nan ake haɗuwar. Bangon bututun ta ciki lulluɓe yake da wasu 'yan mitsi-mitsin gasu masu kaɗawa, su ne suke tura ƙwan zuwa mahaifa, tafiyar kwana uku ko huɗu.

Idan ƙwayar cuta ta hauro daga bakin mahaifa ta iso nan, sai wurin ya kumbura, ya tara ruwa ko mugunya. Magani zai kashe ƙwayar, amma ba ya dawo da gasun da suka mutu, ba ya kuma kwance tabon da ya manne bango da bango. In bututun ya toshe ɗungurungum, maniyyi ba zai isa ga ƙwai ba. Matar tana al'adarta lafiya lau wata-wata, ba ta jin ciwon komai, amma ciki ba zai shiga ba. In kuma rabi da rabi ya toshe, wannan ya fi haɗari: maniyyi ƙanƙane ne, zai wuce, amma ƙwan da ya fara girma sai ya maƙale a hanya ya ci gaba da girma a can. Shi ne cikin wajen mahaifa, wanda yakan fasa bututun wajen wata na biyu, jini ya malale a cikin ciki, in ba a yi tiyata da gaggawa ba a rasa uwar.

Likitoci a garin Lund na ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Lars Weström, sun shafe shekaru suna bin sawun matan da suka yi irin wannan kumburin mara. Sakamakon da suka fitar a 1992 ya nuna cewa bayan kamu ɗaya, mata 8 cikin 100 ne suka rasa haihuwa saboda bututu. Bayan kamu biyu, kusan 20. Bayan uku ko fiye, 40. Maimaicin shi ne masifar, kuma za mu ga abin da ke jawo maimaicin.

Tarihi ma ya nuna girman abin. A shekarun 1950 da 1960, ƙidayar jama'a a sassan Gabon, Kamaru, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Kongo ta nuna cewa a wasu gundumomi mace ɗaya cikin huɗu, wani wurin ma ɗaya cikin uku, takan tsufa ba ta taɓa haihuwa ba. Gonoriya, wato ciwon sanyi mai sa mugunya, da tunjere ne suka yi wa yankin katutu. Da allurar fenisilin ta wadata, sai adadin ya riƙa sauka a tsakanin matan da suka taso daga baya, ba tare da wani ya canza halittarsu ba.

Sanyin da ake ji da wanda ba a ji

A nan ne gizo ke saƙa. Duk macen da ta ga farin ruwa, ko ta ji ƙaiƙayi ko wari, sai a ce sanyi ne, ko infekshan, nan take kuma a haɗa shi da rashin haihuwa. Masu tallar magani a tasha da kasuwa, da na WhatsApp da TikTok, sun gane wannan tsoron kuma da shi suke cin abinci. Amma abin da aka tattara haka cututtuka ne daban-daban. Mai tsananin ƙaiƙayin nan da farin ruwa guda-guda galibi kandida ce, dangin fumfuna. Tana da takura, tana hana barci, amma ba ta hawa ta toshe bututu. Wadda ta ƙware a toshewa ita ce klamidiya, kuma kamar mata bakwai cikin goma da ke ɗauke da ita ba sa jin komai. Gonoriya tana tona wa namiji asiri da zafin fitsari da mugunya, amma a jikin mace sau da yawa shiru take yi. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020 ya ce a shekara guda an samu sabon kamu miliyan 129 na klamidiya da miliyan 82 na gonoriya.

Ke nan mace na iya shekara tana shan jiƙe-jiƙe, tana tsarki da ruwan bagaruwa, saboda ƙaiƙayin da ba zai hana ta haihuwa ba, maƙwabciyarta kuwa da ke jin garau bututunta na lalacewa. Cushe-cushen da ake yi da sunan matsi ko wanki ma ƙara dagula lamarin suke yi, domin suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke gadin wurin, su buɗe ƙofa ga masu cutarwa. Maganar cewa a masai ake ɗaukar klamidiya ko gonoriya kuwa ba ta da tushe, ta saduwa ake ɗaukarsu. Magana ce mai daɗin faɗa saboda tana rufa wa kowa asiri, amma tana hana a yi abin da ya kamata, wato a yi wa miji magani.

Maganin kansa ba wani abu ne mai tsada ba. Klamidiya tana jin doksisaikilin na kwana bakwai, mai ciki kuma a ba ta azitromaisin. Gonoriya yanzu sai allurar seftiriyazon, domin ta riga ta bijire wa fenisilin da sifrofuloksasin, kuma shan kafso biyu na “a ba ni na ɗari biyar” a kemis yana cikin abin da ya koya mata bijirewar. Wahalar tana gida. Malamar asibiti ta rubuta wa mace magani, ta ƙara mata wata takarda ta ce ki kai wa maigida shi ma ya sha. Matar ta ninke takardar ta cusa a ƙasan jaka, don ta san amsar da za ta samu: “Ni lafiyata ƙalau, ke kika san inda kika kwaso.” Ta sha nata ta warke, bayan mako biyu ya mayar mata. In gidan mai mata biyu ko uku ne, cutar zagayawa take yi tare da girki. Ƙa'ida ita ce miji da dukkan matansa su sha magani lokaci guda, a kuma ƙaurace wa shimfiɗa na kwana bakwai.

Kada kuma a ɗauka toshewar bututu shaidar alfasha ce. A inda aure ke mutuwa a ɗaura wani, cuta mai shiru na iya bin halal daga gida zuwa gida ba tare da kowa ya yi ba daidai ba, kuma gwajin kafin aure da aka saba yi, na ƙanjamau da ciwon hanta da rukunin jini, ba ya kama klamidiya.

Ban da haka, akwai hanyoyin da ba ruwansu da saduwa. Babbar cikinsu haihuwa ce da kanta. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kacal cikin 100 ake yi a asibiti. Doguwar naƙuda bayan faya ta fashe, hannun da ba a wanke ba, guntun mabiyiya da ya rage, ɓarin da bai fita duka ba, zubar da ciki a ɓoye da kayan da ba a dafa ba, duk ƙofofi ne. Mai jego ta yi zazzaɓi, jinin biƙi ya yi wari, sai a ce ruwan wanka ne bai yi zafi ba. Wannan ne ya sa nau'in rashin haihuwar da ya fi yawa a Afirka shi ne na macen da ta haifi ɗaya ko biyu sannan ta tsaya cak. Yankan gishiri da wanzami ko ungozoma ke yi, wani lokacin ma da sunan maganin rashin haihuwar, yana ƙara tabo kan tabo, ban da yoyon fitsarin da yake jawowa.

Tarin fuka ma yakan bi jini ya sauka a bututu da mahaifa, ba tare da matar ta yi tari ba. Sai tsargiya, wadda aka raina. An ɗauke ta cutar yara maza masu wanka a kududdufi, alhali yarinyar da ke wanki ko ɗiban ruwa a rafi, ko shiga fadamar shinkafa, ita ma tana ɗauka. Ƙwayayen tsutsar suna maƙalewa a bakin mahaifa da bututu, su jawo zubar jini bayan saduwa, ciwon mara da farin ruwa. Sai a yi ta yi mata maganin sanyi ba ya ji, wani lokaci har a zarge ta. An ƙiyasta mata da 'yan mata miliyan 56 ne ke fama da wannan a Afirka kudu da Sahara. Maganin firazikwantel da ake rabawa a makarantu yana kashe tsutsar, amma sai an sha tun ana ƙanana yake hana tabo, yarinyar da ba ta zuwa makaranta kuwa rabon yakan wuce ta.

Ɓangaren maza

A kusan rabin ma'auratan da ba sa haihuwa, namiji yana da hannu a matsalar, ko shi kaɗai ko tare da matar. Gonoriya da klamidiya suna toshe siririyar hanyar da maniyyi ke bi daga maraina, sai ya zama namiji yana da ƙarfinsa, yana fitar da ruwa kamar kowa, amma babu iri a ciki. Hujjar “ai ina da 'ya'ya da uwargida” ba ta wanke kowa, tunda toshewar na iya zuwa bayan an haifi waɗancan. Hangum, in ya kama namiji bayan balaga, yakan sauka a maraina a wajen mutum biyu ko uku cikin goma. Galibi gefe ɗaya yake taɓawa, shi ya sa ba kasafai yake kashe haihuwa gaba ɗaya ba, amma yana iya rage yawan iri. Zazzaɓi mai zafi ma yana rage shi na ɗan lokaci. Da yake ƙirar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74, gwajin da aka yi jim kaɗan bayan jinya sai an maimaita shi bayan wata uku. Gwajin maniyyi ba ya ciwo, yana da arha, sakamakonsa na fitowa a yini. Gwajin bututun mace kuwa sai an tura ruwa ta bakin mahaifa ana ɗaukar hoto, da zafi da tsada. A ganina babu hujjar fara wa mace na biyun kafin a yi wa miji na farkon.

Wata tara a ciki

Da ciki ya shiga, lissafi ya koma kan lokaci. Ƙwayar cuta ɗaya na iya makantar da jariri in ta zo a mako na shida, ta wuce ba ta yi komai ba in ta zo a wata na bakwai, domin a watanni ukun farko ake ƙera ido da kunne da zuciya. Wani likitan ido a Ostireliya, Norman Gregg, shi ya fara lura da haka a 1941, da ya ga jarirai da yawa da yanar ido, ya bincika ya tarar iyayensu mata sun yi rubela da ƙaramin ciki. Rubela 'yar ƙaramar ƙyanda ce, ɗan zazzaɓi da ƙuraje na kwana uku, wasu ma ba sa sanin sun yi. Amma in ta kama mace a farkon ciki, damar ta taɓa jaririn tana kaiwa 90 cikin 100. Annobar da aka yi a Amurka a 1964 zuwa 1965 ta bar jarirai kusan 20,000 da kurumta, makanta, ciwon zuciya ko tawayar ƙwaƙwalwa. Ba ta da magani, sai rigakafi kafin a ɗauki ciki.

Tunjere akasin haka ne: yana da magani mai arha, amma ana barinsa. Ɗigon jini daga ɗan yatsa ya isa a gano shi, allurar fenisilin mai daɗewa a jiki kuma tana kare jaririn in an yi ta da wuri. Duk da haka, ƙiyasin 2016 ya nuna jarirai sama da 200,000 a duniya sun mutu a ciki ko jim kaɗan bayan haihuwa saboda shi. Wasu daga cikin matan da ake cewa suna wabi, abin da ke cin 'ya'yansu ke nan.

A ƙasar Hausa dai babu kamar zazzaɓin cizon sauro, tunda Nijeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya. Jajayen ƙwayoyin jinin da cutar ta shiga suna zuwa su manne a mabiyiya, su cunkushe wurin da abinci da iska ke ratsawa zuwa ga jariri. Uwar na iya zama ba ta jin zazzaɓi, gwajin yatsa ma ya nuna babu, alhali mabiyiyar cike take. Sai a haifi yaro bai kai kilo 2.5 ba, ko a haifi bakwaini, uwar kuma jininta ya yi ƙasa. Mai cikin fari ta fi kowa shiga haɗari, saboda jikinta bai taɓa koyon kare mabiyiya ba. Ita ce kuma mai kunya, mai ɓoye ciki a cikin hijabi har sai ya fito da kansa. Ƙwayar Fansidar da ake bayarwa a wurin awo daga mako na 13 ake fara ta, wata-wata, aƙalla sau uku. Wadda ta fara zuwa awo a wata na bakwai ta riga ta yi asarar rabin kariyar.

Akwai wata ƙwayar cuta da ba a cika jin sunanta ba, ana ce mata CMV, alhali ita ce kan gaba wajen kurumtar da jarirai in an cire ta gado. A Amurka jariri ɗaya cikin 200 ake haifa da ita, ɗaya cikin biyar na waɗannan kuma yakan samu matsala mai ɗorewa. A ƙasashe masu tasowa adadin ya fi haka. A yawu da fitsarin ƙananan yara take, don haka mai ciki da ke raino ta riƙa wanke hannu bayan ta share majina ko ta wanke kashi, ta kuma daina lasar cokalin yaro. Zika, wadda sauro ya yaɗa a arewa maso gabashin Birazil a 2015 aka riƙa haifar jarirai da ƙanƙanen kai, ta tuna wa duniya irin wannan darasi. Ƙanjamau kuwa, in ba magani, uwa na ba jariri a kashi 15 zuwa 45 cikin 100, da magani ya sauka ƙasa da 5. Ciwon hanta nau'in B, jarirai tara cikin goma da suka ɗauka wajen haihuwa suna rayuwa da shi har abada, shi ya sa ake son allurarsa cikin awa 24 na farko, ba ranar suna ba.

Shekara biyun farko

Ana haifar yaro da ƙwaƙwalwar da ba ta fi rubu'in ta babba ba, kafin ya cika shekara biyu ta kai wajen kashi uku cikin huɗu. Fiye da rabin ƙarfin da jikin jariri ke ƙonawa ita ke cinyewa. Duk lokacin da ya kwanta ciwo, cin abinci ya ragu, abin da ya ci kuma jiki ya karkatar da shi wajen faɗa da cuta, kumburin da ke jini ya danne sinadarin da ke sa ƙashi ya yi tsawo. Ciwo ɗaya ba komai ba ne, yaro yana ramawa. In ya zama zawo wannan wata, tari wata mai zuwa, zazzaɓi da damina, to babu sararin ramuwa.

“Haƙori ne,” in ji kaka, duk sanda yaro ya fara zawo. Lokacin ne kawai ya zo ɗaya. Daga wata shida kariyar da ya samo daga jinin uwa take raguwa, a lokacin aka fara ba shi kunu da ruwa, a lokacin kuma ya fara rarrafe. A zauna a kalli ɗan wata tara a tsakar gida na rabin awa: ya dafa inda kaza ta yi kashi, ya sa hannun a baki don dasashi na yi masa ƙaiƙayi, ya tsinci marfin kwalba a gefen makwarara ya tsotsa, ya jawo silifas ɗin yayansa ya ɗanɗana. Masu bincike a Zimbabuwe da suka zauna suna kallon jarirai haka sun ga suna haɗiyar ƙasa da kashin kaji da hannunsu. Wani nazari da ya haɗa bayanai daga ƙasashe biyar a 2008 ya danganta kashi ɗaya cikin huɗu na tsumburewar yara da yin zawo sau biyar ko fiye kafin shekara biyu.

Abin da ya fi zawon ɓoyuwa shi ne lalacewar hanji ba tare da zawo ba. Cikin hanjin lafiyayyen yaro kamar sabon tawul yake, gashinsa a tsaye, yana tsotse duk abin da ya taɓa shi. Yawan haɗiyar ƙazanta yana mayar da shi tsohon tawul da gashinsa ya kwanta, har ya fara hujewa: abinci na wucewa ba a tsotsa ba, ƙwayoyin cuta kuma na ratsawa cikin jini. Bincike a ƙauyen Keneba na Gambiya a 1991 ya nuna wannan lalacewar tana bayanin kusan kashi 40 cikin 100 na tawayar girman jariran wurin. Shi ya sa ake ganin yaro yana ci amma ba ya tsawo. A 2018, yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya sun tsumbure, a Arewa maso Yamma 57, kuma yankin nan ne rumbun hatsin ƙasar. Rashin abinci kaɗai bai isa ya bayyana wannan ba.

Sai dai maganin bai zo da sauƙin da aka zata ba. Manyan gwaje-gwaje a Bangaladash, Kenya da Zimbabuwe, waɗanda aka wallafa a 2018 da 2019, sun gina wa gidaje masai, sun ba su sabulu da maganin tace ruwa, amma tsawon yaran bai ƙaru ba. Fahimtata ita ce masai ɗaya a gida ba ya tsare yaron da unguwarsa gaba ɗaya ke cikin ƙazanta, dabbobi kuma na kwana inda yake rarrafe. Aikin ya wuce na uwa da sabulu, ya kai ga famfo da magudanar ruwa, wato aikin hukuma. Abin da ke hannun gida shi ne nono zalla na wata shida, tabarma mai tsabta nesa da kaji, ruwan gishiri da sukari tare da zinki na kwana 10 zuwa 14 in zawo ya zo, da rigakafin rota da Nijeriya ta shigar cikin jerin alluran yara a 2022.

Ƙyanda tana da wata mugunta da aka tabbatar a 2019: tana goge wa jiki abin da ya haddace na cututtukan da ya taɓa yaƙa, daga kashi 11 har zuwa 73 cikin 100 na kariyar. Yaro ya tashi daga baƙon dauro, sai ya shiga jerin ciwace-ciwace na wata da watanni. A irin wannan raunin ne cutar Noma mai zaizaye baki da fuska take samun shiga, wadda akwai asibiti sukutum dominta a Sakkwato.

Wasu cututtukan kuwa kai tsaye suke hawa ƙwaƙwalwa. A Kampala ta Yuganda an bi yaran da suka tsira daga maleriyar da ke sa suma, bayan shekara biyu aka tarar ɗaya cikin huɗu yana da tawayar tunani, musamman wajen mayar da hankali. Sanƙarau, wanda a 1996 ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya ya kashe fiye da 11,000, yana barin ɗaya cikin biyar na waɗanda suka tsira da kurumta, farfaɗiya ko wata nakasa. Ko ruwan kunnen nan da ake toshewa da auduga a ci gaba da harka, in ya daɗe yana rage ji a daidai shekarun da yaro ke koyon magana. Yana jin ƙara amma baƙaƙen suna cakuɗe masa, sai malami ya ce ba ya ji, yana nufin taurin kai, bai san gaskiya ya faɗa ba.

Akwai abin takaici a nan. A 2003 jihohin Kano, Zamfara da Kaduna sun dakatar da rigakafin shan inna bisa raɗe-raɗin cewa an sa masa maganin hana haihuwa, Kano ba ta dawo ba sai a 2004. Zargin bai faɗo daga sama ba, domin mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba. Amma yaran da aka ɗiga wa maganin shan innar a wancan lokaci yau su ne iyaye, suna ta haihuwa, waɗanda cutar ta kama kuma suna nan a kan kekunan guragu. Tsoron a taɓa mana haihuwa tsoro ne mai ma'ana, sai dai an kafa masa gadi a ƙofar da ɓarawon ba ta nan yake shigowa ba.

Ba duk ɓarnar ce ba ta gyaruwa, kuma ta yaro ta fi ta bututu karɓar gyara. Bututun da ya toshe duka biyu galibi sai dashen ƙwai na IVF, wanda kuɗinsa miliyoyin naira ne kuma ba kullum yake kamawa ba. Ƙwaƙwalwar yaro kuwa tana da sauran dama. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 da suka tsumbure, wasunsu aka riƙa aika ma'aikaciyar lafiya gidansu mako-mako na shekara biyu, tana koya wa uwa wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa haka suna samun kuɗin shiga da ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100. Yaron da ya tashi daga sanƙarau kuma ana so a gwada jinsa kafin a sallame shi, ko cikin mako huɗu, domin cikin kunnen yakan fara ƙanƙarewa ya zama ƙashi bayan cutar, in aka makara ko na'urar da ake dasawa ba ta samun wurin shiga. A yawancin asibitocinmu ba a yin gwajin sai iyaye sun nema da bakinsu.